Faifan da Ake Wankewa Kamar Allo

Kafin intanet ta game duniya, an yi zamanin wata irin mujalla wadda ba ta taɓa shiga injin ɗab'i ba. A kan faifan kwamfuta ake zuba ta, a sa a ambulan, a kai gidan waya. Wanda ya biya kuɗin shekara sai ta iske shi kowane wata, ya zura ta cikin na'urarsa, ya ga jerin abin da ta ƙunsa: ga maƙaloli, ga wasiƙun masu karatu, ga 'yan wasanni, ga ƙananan manhajoji na lissafi ko zane ko kiɗa. Da yawa daga cikin waɗannan kaya masu karatun ne da kansu suke aikowa. Malamin makaranta ne, ko ma'aikacin asibiti, ko yaron da bai gama sakandare ba, in ya ƙago wani abu da dare bayan an tashi daga aiki, sai ya rubuta bayaninsa, ya haɗa su, ya aika. Labarin wannan mujalla a Amurka da Turai ya faru. Duk da haka akwai rabon mai nazarin Hausa a cikinsa, musamman wanda yake zaune nesa da Kano da Zariya, a gari irin Tibati da ke arewacin Kamaru.

Da kaset aka fara. A shekarar 1978 wata mujalla mai suna CLOAD ta soma fitowa a Amurka a kan kaset irin wanda ake ɗaukar waƙa da wa'azi, domin ƙananan kwamfutocin wancan lokaci a kaset suke ajiyarsu. A 1981 kuma, a garin Shreveport na jihar Louisiana, Jim Mangham da Al Vekovius suka kafa Softdisk saboda masu kwamfutar Apple II, suna aika ta a kan faifai mai laushi mai faɗin inci 5 da kwata. Daga wannan gida ne Loadstar ta fito a 1984 domin masu Commodore 64, sa'an nan Big Blue Disk a 1986 domin masu kwamfutar IBM da ire-irenta.

A farkon Softdisk akwai wata ƙa'ida da tsadar faifai ta haifar. Mai karatu ba ya riƙe faifan har abada. In ya gama, sai ya mayar da shi, a goge, a zuba sabon fitowa a kai. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari, domin haka almajiri yake yi da allonsa: ya rubuta, ya karanta har ya zauna masa, ya wanke, a biya masa na gaba. Amma faifan ba ya komawa hannu rabbana. Mai karatu yakan rubuta ra'ayinsa a kai, ko tambaya, ko gyaran wani kuskure da ya gano, ko ya ɗora manhajar da ya ƙirƙira da kansa. Ta haka hanyar da ake kawo masa karatu ta zama hanyar da shi ma yake kai nasa. Dabarar tsimi ce aka yi, sai ga shi ta mayar da masu saye marubuta.

Domin a gane amfanin faifan, sai a dubi yadda ake yi kafinsa da kuma a gefensa. Mujallun takarda sukan buga manhaja baƙi da baƙi, shafi biyu ko biyar, mai karatu ya zauna ya kwafe ta da hannu cikin kwamfutarsa. A Faransa, wadda jaridunta da littattafanta su ne suka fi isa Kamaru, an yi wata jaridar mako mai suna Hebdogiciel daga 1983 zuwa 1987, wadda ta cika shafukanta da manhajojin da masu karatu suka aiko, har takan sa gasar wanda zai fi iya rubuta manhaja mai amfani cikin layi biyu tak. Wahalar wannan hanya ita ce, in mai kwafa ya tsallake waƙafi ɗaya, ko ya sa sifiri inda ake nufin harafi, to aikin dare uku ya tashi a banza, kuma na'urar ba za ta gaya masa inda ya kauce ba sai da kyar. Faifai ya ɗauke wannan nauyi. Abin da marubuci ya rubuta shi ne yake isa, ba ragi ba ƙari.

To, yaya aikin mai aikawa yake? Da farko dai wuri ƙarami aka ba shi. Fuska ɗaya ta faifan Apple II kilobayit 140 take ɗauka, wato wajen kalmomin Hausa 25,000 in rubutu zalla ne, kuma wannan wuri shi da wasu mutane da dama za su raba. Dole ya koyi tsuke aiki, ya cire duk layin da ba shi da dalili. Na biyu, manhajar da ta yi aiki a ɗakinsa dole ta yi aiki a hannun baƙon da bai taɓa gani ba, wanda zai danna madannin da ba a ce ya danna ba, ya shigar da harafi inda ake jiran lamba. Sai marubuci ya riƙa tunanin kuskuren wasu tun kafin su yi shi. Na uku, kuma shi ne wanda mutane da yawa suka fi jin nauyinsa, dole ya rubuta bayani cikin harshen mutane: ga abin da wannan manhaja take yi, ga yadda ake tayar da ita, ga dabarar da ke cikinta, ga inda ta gaza. Sau da yawa a wurin rubuta bayanin nan ne mutum yake gane cewa bai fahimci aikin hannunsa ba. Sai ya koma ya gyara manhajar, ya dawo ya gyara bayanin, har su daidaita.

Wani abin kuma shi ne yawancin manhajojin nan da harshen BASIC aka rubuta su, kuma a buɗe suke. Mai karatu yana iya ba da umarni guda, kwamfuta ta jero masa duk layukan da marubuci ya rubuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya canza lamba ya ga abin da zai faru. Saboda haka kowace manhaja darasi ce ga wanda yake son koyo. Kamar a ce maƙeri ya sayar da fartanya, ya kuma bar ƙofar maƙera a buɗe, duk mai so ya shiga ya ga yadda ake zuga wuta.

Wasu daga cikin masu aikawa sun yi suna daga baya. John Romero ya shafe shekaru yana aika wa mujallu wasanninsa kafin Softdisk ta ɗauke shi aiki a 1989. John Carmack ma da sayar wa wannan kamfani ayyukansa ya fara, kafin ya koma Shreveport a 1990. Aikin fitar da sabon wasa a kai a kai cikin ƙurarren lokaci ne ya gogar da su, har a 1991 suka fita tare da abokansu suka kafa id Software, wadda ta fitar da wasan Doom a 1993. Amma in aka tsaya a kan waɗannan, an bar jaki ana dukan taiki. Dubban masu aikawa ba su zama kowa ba a idon duniya, kuma ba don haka suka yi ba. Abin da suka samu ɗan kuɗi ne kaɗan, wani lokaci ma babu, sai ganin sunansu a jerin fitowar wata, da wasiƙar wani mutum daga wata jiha mai nisa yana cewa ya gwada, ta yi masa amfani, amma ga wani wuri da take tsayawa. Wannan ya ishe su riƙe Loadstar fiye da shekara 20, har ta daɗe tana fitowa bayan an daina ƙera Commodore 64 ɗin kanta a 1994.

Bahaushe yana da suna ga irin wannan aiki. Gayya ce: kowa ya zo da fartanyarsa gonar wani, yau a yi ta wane, gobe ta wane. Kuma abin da kowa yake kawowa gudummawa ce, kalmar da a da ake faɗa wa mutanen da suka rugo domin agaza wa garin da yaƙi ya ci ko gidan da gobara ta kama. Adabin Hausa na boko bai rasa irin wannan ba. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, wasiƙun masu karatu suka zama wani babban sashe nata, mutane daga garuruwa daban-daban suna koyon rubutun Hausa ta hanyar rubuta wa jarida. Bayan rabin ƙarni kuma matasan marubutan Kano suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, suna duba wa juna rubutu, suna buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Sai dai jarida da littafi suna bukatar injin ɗab'i da motar rabawa, waɗannan kuwa a manyan birane suke. Nan ne zancen ya zo kan Tibati.

Tibati ita ce hedikwatar gundumar Djérem a yankin Adamawa na Kamaru. Garin lamido ne, wanda Haman Sambo ya kafa sarautarsa a farkon rabin ƙarni na 19, a zamanin da Fulanin Adamawa suke yaɗuwa kudu a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama. Jamusawa sun ci garin a 1899, kafin su kai Garwa. Fatake Hausawa sun daɗe suna bin wannan ƙasa da tufafi da kanwa da dutsen ado, suna komawa da hauren giwa da goro, wasunsu kuma suka zauna suka kafa unguwanni, kamar yadda suka yi a Banyo da Ngaundare da Garwa har Yawunde. A yau garin yana tsakanin makiyaya da masunta, domin madatsar ruwa ta Mbakaou da aka gina a kan kogin Djérem a ƙarshen shekarun 1960 ta haifar da babban tafki mai kifi. Fulatanci ne harshen kasuwa da fada. Ana jin Mbum da Vute da Gbaya. Faransanci ne harshen makaranta da ofis. Hausa tana nan a cikin gidaje da shaguna da zaurukan malamai, harshe ɗaya cikin harsuna da yawa.

A ɗauki ɗalibin da ya tashi a irin wannan gida. Hausarsa ta kunne ce. Ya ji ta a bakin kakarsa, ya ji ta a rediyo, tun daga Rediyon Garwa wanda shirye-shiryensa na Hausa da Fulatanci suka daɗe suna tsallaka iyaka zuwa Nijeriya, har zuwa sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare. Ya ji ta a finafinan Kano da wa'azin kaset. Amma ranar da ya ɗauki alƙalami zai rubuta ta, hannunsa Faransanci ya sani. Sai ya rubuta "ou" inda ake son "u", ya sa "ch" a wurin "sh", "tch" a wurin "c", "dj" a wurin "j". Ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ke nan, kuma da wannan rubutu aka yi sunansa a takardar haihuwa. In ya so ya ga daidaitacciyar Hausa a takarda, sai ya jira littafin da wani ɗan kasuwa ya shigo da shi ta Yola, ya bi ta Garwa, ya hau tudun Ngaundare, kafin ya gangaro Tibati, in ya gangaro.

Babban abin da zai ci karo da shi a littafin nan shi ne baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ wanda Nijar take rubutawa, Nijeriya kuma take sa 'y a madadinsa. Baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ sun shiga rubutun Hausa ne a shekarun 1930, lokacin da Rupert East yake jagorancin Hukumar Talifi a Zariya; kafin nan da ɗigo ko waƙafin sama ake nuna sautukan. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tabbatar da baƙaƙe masu ƙugiya ga Hausa da Fulatanci, haka kuma ɓ da ɗ da ƴ suna cikin haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru da aka amince da su a 1979, aikin da Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranta. Ƙugiyar 'yar ƙarama ce, amma ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Ita ce ta raba kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, kara da ƙara, bata da ɓata, da da ɗa. In aka cire ta, baki da baƙi sun zama kalma guda, mai karatu ya rasa ko maganar abin cin tuwo ake yi, ko ta launi, ko ta mutanen da suka sauka a zaure, ko ma ta harafin kansa.

Da kwamfuta ta iso, sai ta zo ba ƙugiya. Tsarin lambobin haruffa da aka gina kwamfutocin farko a kansa, wanda ake kira ASCII, alamomi 128 ne kawai, kuma Ingilishi aka duba aka tsara shi. Madannan da ake amfani da su a ofisoshin Garwa da Ngaundare irin na Faransa ne, akwai é da è da ç da à, kowanne da gurbinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa na'ura ba ta ƙin harafi. Tana karɓar harafin duk harshen da masu shi suka tsaya masa. Mai son rubuta Hausa ko Fulatanci kuwa sai ya yi yadda aka saba yi a zamanin tafireta: a buga b da d da k tsirara, a fitar da takarda, a bi ta da biro ana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gaji sai ya bar su haka nan. Littattafan Hausa da yawa na wancan zamani sun fito kasuwa ba ƙugiya ko ɗaya.

Waɗanda suka fara magance wannan matsala ba manyan kamfanoni ba ne. Mutane ne irin masu aika wa Softdisk, masu wani aikin daban da rana. A Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda asalin fanninsa ilimin koyar da kimiyya ne, ya zauna a shekarun 1990 ya zana zubin haruffa masu ƙugiya domin kwamfuta, aka san su da sunayen Rabi'at da Abdalla, suka bazu a hannun marubuta da masu buga littattafai. A Kamaru ma masu aikin harsuna, ciki har da ma'aikatan cibiyar SIL, sun yi ta ƙera nasu zubin haruffa da tsarin madannai saboda harsunan ƙasar. Dabarar irin waɗannan ayyuka a wancan lokaci ita ce aron gurbi: a sami wata alama da ba a cika bukata ba, a cire hotonta, a sa hoton ɗ ko ƙ a wurin. A kwamfutar da aka sa wa zubin, rubutu yakan fito tsaf. A kwamfutar da ba ta da shi kuwa, sai alamar asali ta dawo, kalma ta rikice. Saboda haka rubutun ba ya tafiya shi kaɗai. Duk wanda zai kai wa mai firinta aikinsa, sai ya ɗora abu uku a faifai guda: rubutun, da zubin haruffan, da ɗan bayanin yadda ake girka shi da madannin da ake dannawa. Ga maƙala, ga manhaja, ga bayani, suna yawo daga hannu zuwa hannu a cikin aljihun riga. Ba a kira shi mujalla ba, amma siffarta ce da ruhinta.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane ɗaya daga cikin baƙaƙen nan lambarsa ta dindindin, babba da ƙarami, ko da yake an ɗauki shekaru kafin kwamfutocin ofis su iya nuna su ba wahala. A yau wayar hannu tana da madannan Hausa, kuma ƙugiya tana isa Garwa daga Katsina yadda aka rubuta ta. Amma duk wanda yake karanta saƙonnin mutane ya san cewa yawancinsu har yanzu tsirara suke zuwa. Kayan aikin ya samu, bayanin ne bai isa ba. Ba wanda ya zauna da ɗalibin Tibati ya nuna masa, cikin harshen da yake ji, inda zai shiga a wayarsa ya ƙara madannan, ko ya ja hankalinsa ga cewa ɓ da ɗ da ƴ ya riga ya san su daga Fulatanci, ƙ ne kaɗai baƙo, tun da Fulatanci ba shi da wannan sauti. Wannan bayani na shafi ɗaya ba ɗan Kano ne ya fi cancantar rubuta shi ba. Wanda ya san inda hannun ɗan makarantar Faransanci yake zamewa shi zai rubuta shi da kyau, wato ɗan Tibati ko ɗan Garwa.

Kuma ba nan gudummawarsa ta tsaya ba. Ƙamusoshin Hausa manya, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham, mafi yawan abin da ke cikinsu daga ƙasar Hausa ta Nijeriya aka tattaro shi. Hausar da ake yi a bakin tafkin Mbakaou, da sunayen kifi da komar kamun su, da kalmomin cinikin shanu da aka aro daga Fulatanci, da na ofis da asibiti da tasha da aka aro daga Faransanci, duk suna bakin mutane. Masana sun lura cewa a wasu wurare da ke gefen ƙasar Hausa, kamar Bauci da zangunan Gana, bambancin jinsin namiji da tamace a nahawu yakan raunana. Yadda abin yake a unguwannin Hausawan Adamawa tambaya ce da mazaunin wurin yake iya amsawa, in ya kasa kunne ya rubuta abin da ya ji ba tare da ya gyara shi ba. Jerin kalmomi 50, kowace da jimlar da aka ji ta a ciki, da wurin da aka ji ta, aiki ne na mako biyu, kuma ba a taɓa yin irinsa sau biyu iri ɗaya ba.

Abin da yake hana shi an san shi. Kunya ce. Yana ganin Hausarsa ta bakin iyaka ce, in ya fitar da ita 'yan Kano za su yi dariya, gara ya bari sai ya ƙware. Gaskiya ne sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, dole ya yi karatu, ya san ƙa'idar raba kalma da haɗa ta. Amma tarihin mujallar faifai ya nuna cewa ƙwarewa a cikin aikawa ake samunta. Manhajar da aka fitar da kuskure, a fitowa ta gaba ake sanar da gyaranta, a gode wa wanda ya gano, a wuce. Ba wanda aka kora don ya yi kuskure. Edita yakan mayar wa mutum aikinsa ya ce a gyara nan da nan, kuma wannan mayarwa ita ce makarantar. Wanda ya ɓoye aikinsa a akwati ya tsira daga dariya, ya kuma rasa gyara.

Sharuɗan irin wannan gudummawa ba su da yawa, kuma malaman ajami na Adamawa da ƙasar Hausa sun san su tun kafin a ƙera kwamfuta. Sukan bar rubutunsu a buɗe ga duk mai son kwafa. Sukan yi sharhi a gefen shafi domin na baya. Marubucin waƙa yakan faɗi sunansa a ƙarshe, ya sa ramzin shekara, domin a san mai ita da lokacinta. Mai kwafa ma yakan sa nasa, ya nemi afuwa da addu'a. Sunan nan ɗaukar alhaki ne: in an sami kuskure an san wanda za a tuntuɓa. Haka ya kamata jerin kalmomin ɗalibi ko bayaninsa ya fita, da suna da gari da kwanan wata, da izinin a kwafa a gyara, da roƙon wanda ya gyara ya dawo da shi.

Faifai mai laushi abu ne marar ƙarko. Zafi yana lanƙwasa shi, laimar damina tana sa masa fumfuna, ƙurar hunturu tana karce shi. Duk da haka fitowar Softdisk da Loadstar da yawa sun tsira har yau, saboda an kwafe su a gidaje masu yawa, kuma daga baya wasu masu sha'awa suka tattara su suka mayar da su kan sababbin na'urori, su ma a matsayin gayya. Abin da ke cikin kwamfuta guda a ɗaki guda yakan mutu tare da ita. A Tibati da Garwa yanzu memori da wayar hannu sun maye gurbin faifai, kuma a shagunan caji da na tura waƙa ana zuba wa mutane finafinai da karatun malamai kowace rana. Wuri bai ƙare a memorin ba. Shafi ɗaya na bayanin ƙugiya, da jerin sunayen kifin Mbakaou, ba za su ci ko kwatankwacin waƙa guda ba.